Kuɗin Sallama Sun Shigo Hannu, Ina Zan Ajiye Su?

Tambaya: Ni malamin firamare ne a Gwandu, na yi ritaya, kuma bayan dogon jira an biya ni kuɗin sallama, naira miliyan 4. Ɗan ƙanena da ke Kalgo ya ce in sayi shinkafa shanshera in ajiye har ta yi tsada. Wani tsohon ɗalibina kuma ya nuna mini wata manhaja a waya, wai ana ba da ribar kashi 30 cikin ɗari kowane wata. Ni dai ba na son abin da ya shafi riba ta haram, kuma ina da auren 'yata baɗi in Allah ya kai mu. Ina zan sa kuɗin nan hankalina ya kwanta?

Amsa: Malam, Allah ya sanya albarka a abin da aka samu, ya kuma nuna mana bikin lafiya.

Mu fara sallamar maganar manhajar nan. Kada ka sa ko kwabo. Babu gona, babu shago, babu masana'antar da ke haifar da kashi 30 duk wata. Abin da ake yi shi ne a ɗebi kuɗin waɗanda suka shigo yau a biya na jiya, har ranar da sababbin shiga suka ƙare. Haka MMM ta rufe a Disambar 2016, haka CBEX ta yi a Afrilun 2025, mutane suka wayi gari ba uwa ba riba. Ɗalibin naka mai yiwuwa da zuciya ɗaya ya zo maka, don masu shiga irinsa ana biyansu da farko. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne.

Amma fa ajiye kuɗi a ɗaka ma ba tsira ba ce. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8, wato cefanen naira dubu 100 ya koma na kusan dubu 135 cikin shekara ɗaya. Kuɗin da ke kwance suna raguwa ko da ba wanda ya taɓa su.

Saboda haka kafin ka tambayi inda za ka sa, tambayi kanka yaushe za ka buƙaci kowane kaso. Wannan ne zai raba maka su.

Kuɗin biki da na asibiti ba na juyawa ba ne. A ce miliyan ɗaya da rabi ne, ka bar su a banki. Tunda kana gudun ruwa, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019. Ko bankin ya durƙushe, hukumar inshorar ajiya, NDIC, tana biyan kowane mai ajiya har naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙanana na maikurofainans, tun gyaran 2024. An ga amfanin wannan lokacin da aka soke lasisin bankin Heritage a Yunin shekarar. Kayan ɗakin da ba sa lalacewa kuwa, gara a fara sayensu tun yanzu.

Kason da ba za ka nema ba nan da 'yan shekaru, shi nake so ka duba masa Sukuk na Gwamnatin Tarayya. Mutanenmu da yawa suna wuce allonsa a bakin titi ba su san su ma za su iya shiga ba. Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa ne ke fitar da shi, ana tara kuɗin jama'a a gina hanyoyi, gwamnati kuma ta riƙa biyan haya ga masu kuɗin duk wata shida, a ƙa'idar ijara. Majalisar masana shari'a da ke ba Babban Banki shawara ce ke tantance shi. Na farko ya fito a Satumbar 2017, naira biliyan 100 na shekara 7. Na Mayun 2025 biliyan 300 ne, hayarsa kashi 19.75 a shekara, kuma da naira dubu 10 ma ana iya shiga. Wanda ya sa miliyan 2 a irin wannan yana karɓar 197,500 duk wata shida, uwar kuɗinsa kuma ta dawo idan wa'adi ya cika. Ba zan ɓoye maka ba, a shekarar da tsada ta yi gudu sosai wannan hayar ba ta cim mata. Tana dai rage asara ƙwarai, kuma ba ka kwana da fargabar wani zai gudu da kuɗinka. Ba kullum ake buɗe shi ba, sai an yi sanarwa, don haka ka bar sallahu a bankinka a Birnin Kebbi. Idan larura ta taso ana iya sayarwa kafin wa'adi ta hannun dillalin hannun jari mai rajista, sai dai a farashin ranar.

Shawarar ɗan ƙanenka na Kalgo ba ta banza ba ce. Mu Kabawa mun san shinkafa, a Birnin Kebbi ma aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Nuwamban 2015. Sai dai ajiyar hatsi kasuwanci ne, kuma kasuwa tana faɗuwa. Bayan gwamnati ta ɗage haraji kan shigo da wasu kayan abinci a 2024, farashi ya sauko a 2025, masu ajiya da yawa suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Ga kuɗin sito da na dako, ga ɓera da danshi, buhun da aka auna a kaka kuma ba ya kai nauyinsa idan ya gama bushewa. In za ka shiga, kada ya wuce rabin miliyan, kuma ya zama makullin siton yana aljihunka. Ni da zan zaɓa maka, da raguna biyu ko uku na turka zan ce, a ɗaure a tsakar gida inda kake ganinsu safe da yamma, a saye su wata huɗu ko biyar kafin Babbar Sallah. Ka fara lissafa dusa da harawa da allurar likitan dabbobi tukuna, don su ne ke cinye ribar.

Duk wanda ya zo maka da wani kamfanin zuba jari, ka nemi shaidar rajistarsa da hukumar kula da kasuwar hannun jari, SEC, ka sa wani mai ido ya duba a shafin hukumar, ba a takardar da shi ya miƙo maka ba. Ka tuna da zakka idan kuɗin sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo, malamin unguwarku zai lissafa maka. Takardun banki da na Sukuk kuma ka haɗa su wuri ɗaya, ka nuna wa uwargida da babban ɗanka inda suke.