Faɗakarwa Ga Ikhwani A Kan Taƙawar Sarkin Musulmi Bello

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ku sani ya ku muridai mazauna Jibiya, Allah shi yi muku albarka, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ya riƙi sarauta daga shekara ta 1817 har ya rasu a Wurno a 1837. Malami ne, ya tashi cikin ɗariƙar Ƙadiriyya irin ta mahaifinsa. Masu tarihi sun ruwaito cewa daga gumin kansa yake ci, ba ya miƙa hannu ga baitulmali domin cikinsa.

Shi ne ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje littafin Usulus Siyasa, ya kafa mulki a kan asali bakwai. Na farkonsu tsoron Allah, domin sarkin da ba shi da taƙawa babu mai hana shi zalunci cikin ɓoye. Sa'an nan sauƙin hali, da zama da malamai, da ɗora wa hakimai sharaɗin adalci, da gyara kasuwanni da hanyoyi. Ya kuma nuna cewa halin shugabanni yana bin halin talakawa: in jama'a suka cuci juna, sai a ɗora musu mai cutarsu.

To, ya ɗan'uwa, a nan maganar ta iso gare ka. Kai ba sarki ba ne, amma mudunka sarautarka ce, kayan amana da ka ɗauko daga Maraɗi talakawanka ne. Iyakar da Turawa suka shata ta raba ƙasa biyu, ba ta raba haram da halal ba. Abin da ya haramta a Magama ya haramta a Ɗan Isa. Wanda ya ja wuridi da asuba, da hantsi ya tauye awo, ko ya karɓi rashawa a bakin shinge, ko ya sayi saniyar da ya san ta sata ce, wuridinsa bai wuce harshensa ba.

Saboda haka kowane dare, kafin ka ɗauki carbi, ka yi wa ranka hisabi: haƙƙin wa ya kwana a hannuna? Ka mayar da shi, sa'an nan ka zauna ga zikiri.

Allah shi tsarkake zukatanmu, shi kyautata ƙarshenmu. Amin. Tammat.