Kafin Ka Goge Komai

Ɗana, na saurari saƙonka jiya bayan isha'i, na kuma ji yadda muryarka ke rawa. Ka ce sabar ofishinku ta ƙi karɓar komai, rumbun bayanai ya tsaya, ma'aikata sun zuba maka ido, duk abin da ka taɓa sai ta ce babu sauran wuri. Kwantar da hankalinka. Na'urar tana da rai, ƙoshi ne ya yi mata yawa. Ni hannunka nake tsoro, don mai gaggawa a irin wannan hali shi ke mai da ciwon kwana ɗaya na wata guda.

A Linux akwai wurin da ake kira tushe, wanda ake rubutawa da 'yar sandar nan mai karkata, /. Duk abin da ba a ware masa faifansa ba, nan yake kwana. In ya cika, ko ɗan fayil na wucin gadi ba ya rubutuwa, shi ya sa ka ga komai ya rikice lokaci guda.

Fara da kallo. Rubuta df -h ka ga faifan da ya kai kashi 100. In ta nuna da sauran wuri amma ƙorafin bai tsaya ba, gwada df -i, don kowane fayil yana da lambar rajistarsa, kuma tarin ƙananan fayiloli kan cinye lambobin tun faifai bai cika ba. Daga nan sai du -xh --max-depth=1 /, ka shiga foldar da ta fi nauyi, ka sake, ka sake, kamar mai bin sawun saniyar da ta ɓata. Galibi sawun a /var/log yake ƙarewa.

Ka tuna ƙarshen Satumban 2021, lokacin da gwamnatin Kaduna ta sa aka katse layukan waya a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi saboda 'yan bindigar daji, ba a dawo da su ba sai wajen ƙarshen Nuwamba? A wani ofishi da nake leƙawa a lokacin, akwai manhajar da aikinta tura bayanai Kaduna. Ba wanda ya gaya mata babu sabis. Sai ta gwada, ta kasa, ta rubuta a kundin rahoto cewa ta kasa, bayan 'yan daƙiƙoƙi ta sake. Dare da rana, mako bayan mako. Layi ɗaya bai kai ƙwayar gero ba, amma da haka fayil guda ya cinye fiye da rabin faifan.

Yaron da ke kula da na'urar ya gano fayil ɗin, ya goge shi da rm, ya duba, bai samu ko taku ɗaya na wuri ba. Har gumi ya karyo masa. Abin da bai sani ba shi ne, muddin manhaja na riƙe da fayil a buɗe, suna kawai ka cire, kayan na nan har sai ta saki. Umarnin lsof +L1 zai nuna maka irin waɗannan, sai ka sake tayar da manhajar da ke riƙe da su. Gara ma tun farko ka zazzage fayil ɗin da truncate -s 0, ka bar shi a mazauninsa. Amma kafin ka zazzage, karanta ƙarshensa da tail. Wannan surutun da ya ishe ka, shi kaɗai ya san inda ciwon yake. In ka share shi ba ka ji ba, mako mai zuwa za ka sake kirana.

Akwai sharar da ba ta da mai ita. A Ubuntu ko Debian, apt clean zai kwashe kayan da aka sauke aka gama girkawa, journalctl --vacuum-size=200M kuma zai rage tsohon rahoto. Wannan ya isa na'urar ta yi numfashi.

Inda nake roƙonka kada ka sa hannu shi ne ɗakin rumbun bayanai, irin su /var/lib/mysql. Masu PostgreSQL suna da wata folda da a da ake kira pg_xlog. Mutane suka riƙa ganin sunan suna zaton rahoto ne, suna gogewa, bayanansu na lalacewa, har a 2017 masu manhajar suka sauya mata suna zuwa pg_wal. Ka ga manyan ma sun sha wannan dukan.

Wani tarkon kuma na garinmu ne sosai. An ɗauke wuta, na'ura ta tashi, faifan waje da ake ajiye kwafin bayanai bai haɗu ba, amma aikin dare bai fasa ba, sai ya juye kwafin a cikin tushe. Washegari faifan ya haɗu ya rufe su, kamar an shimfiɗa tabarma a kan rami. In lissafin du da na df sun ƙi haɗuwa, ka zare faifan bisa ƙa'ida ka leƙa ƙarƙashin.

Za ka ji wasu na cewa tsarin ext4 yana ɓoye kashi 5 cikin 100 don mai gidan na'ura, a ƙwato shi. Wannan iri ne, wanda manomin kirki ba ya kai wa niƙa. Shi ke ba ka damar shiga ka yi gyara a irin wannan hali.

Ka kuma tuna cewa a Birnin Gwari kake. In ka goge abin da ya hana na'urar tashi, mai gyara daga Kaduna zai taso, ya bi ta Buruku da Udawa, tafiyar fiye da kilomita 100. Alhamdu lillahi, tun sulhun Nuwamban 2024 hanya ta yi sauƙi, kasuwar shanu ma ta dawo, amma ba na son a ɗora ɗan wani a kan titin nan saboda kuskuren yatsa.

In ƙura ta lafa, za mu zauna mu duba logrotate, mu ga abin da ya hana ta datse rahoton. Yanzu dai, gobe in ka isa ofis, ɗauki hoton abin da df da du suka nuna ka turo mini, kada ka taɓa komai sai mun yi magana. Ka gai da mahaifiyarka.