Sabuwar Allura ko Gidan Mari?

Tambaya: Ƙanena ya fara da tramol, yanzu allura yake tsira wa kansa. Wata malamar asibiti ta ce mu tabbatar ba ya aron allurar kowa. Baba ya ce wannan ɗaure wa ɓarna gindi ne, gidan mari za shi. Ina mafita? Daga wata baiwar Allah, Gure.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Malamar ta yi gaskiya. Allura ɗaya a jikin mutum biyar, nan ƙanjamau da ciwon hanta ke shiga, kuma ko ya daina shan ƙwaya suna nan tare da shi. Shi ya sa cibiyar CEPIAD ta Dakar, wadda aka buɗe a 2014, take haɗa biyun: sabuwar allura da maganin yaye jaraba.

Gidan mari kuwa, ki roƙi Baba cikin ladabi ya janye. A 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga irinsa a Rigasa, Kaduna, wasu da sasari a ƙafa. Duka ba ya cire jaraba.

Ku fara da asibitin Gure, a gwada jininsa, sannan ku nemi takardar zuwa babban asibitin Damagaram wurin likitan ƙwaƙwalwa. Kada ku yanke masa tramol dare ɗaya, sai likita ya tsara ragewar. Ke ki raka shi.