Bututun da ke Ƙarƙashin Ƙofar Shagonka

Mai shago a kewayen kasuwar Arzeke ya san irin nauyin da ƙasar Paraku ke ɗauka: tirelolin Kwatano masu zuwa Malanbil, motocin auduga na hanyar Jugu, ga masu sauke doya. Ruwan madatsar Okpara kuwa ta ƙarƙashin waɗannan tayoyi yake shigo maka, wani lokaci cikin tsohon bututun ƙarfe da tsatsa ta daɗe tana ci. Kada ka jira sai ƙasa ta jiƙe.

Fara da mita. Ka rufe duk famfunan shago da dare, ka rubuta lambar, ka sake dubawa da asuba. In ta motsa, akwai yoyo a ɓangarenka. In matsalar kafin mita take, aikin kamfanin ruwa na SONEB ne, kai musu rahoto.

In a ɓangarenka take, ka sa mai gyaran famfo ya tona daidai inda motoci ke takawa, ya goge bututun da burushin waya. Abin dubawa shi ne zurfin ramin da tsatsa ta ci, ba jan da ke sama ba. Ƙa'idar injiniyoyin bututun mai ta ASME B31G ta haramta barin wurin da ramin ya wuce kashi 80 cikin 100 na kaurin ƙarfen. Ni a ƙofar da tirela ke tsayawa, ko rabi ya ci, zan ce a canza.

Duba kuma inda cin ya dosa, don nan ne aka fi yin kuskure. Wanda ya bi tsawon bututu, ƙarfin ruwan ciki ne ke tsaga shi. Wanda ya zagaye shi kamar zobe, nauyin sama ne ke karya shi, musamman da damina in ƙasar da ke tallafe da shi ta zaizaye. Ɗaurin robar taya ba ya maganin wannan.

In za a mayar da sabo, a zurfafa ramin ya kai santimita 80, a shimfiɗa yashi, a zura shi cikin wani bututun da ya fi shi faɗi, a rufe da siminti.

Amma ba kowane bututu ake tonawa ba: bututun ɗanyen man Nijar da ya ratsa Benin zuwa Seme, wanda aka fara lodi daga gare shi a 2024, wannan ba na taɓawa ba ne. Inda ka ga alamarsa a gona, kada ka tona, kada ka bi da babbar mota ta kansa.