Mai minshari da ba ya tashi, ba barci yake ba

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma yawancin aikina a yankin Dutsin-Ma da Kurfi na dare ne. Wanda ya saba zagaya gadaje da ƙarfe biyun dare ya san cewa mai barci ba ya zama shiru. Yana juyawa, yana haɗiye miyau, yana korar sauro bai sani ba. Zuciyarsa ta rage gudu, jininsa ya ɗan sauka, jikinsa ya ɗan yi sanyi, amma ƙwaƙwalwa na nan tana gadi. Kusan kowane minti 90 barci kan zagayo, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi zuwa na mafarki. A zangon mafarki idanu na kai-komo a ƙarƙashin fata, gaɓoɓi kuma a sake, don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Idan hankali ya riga jiki farkawa, shi ne dannau: kana jin komai, ka kasa ɗaga ko yatsa. Yana da ban tsoro, amma yakan wuce da kansa.

Suma wani abu ne daban, domin mai gadin ne ya faɗi. Tari ya tafi, haɗiya ta tafi. Idan mutum na kwance rigingine, harshe kan saki ya koma baya ya toshe maƙogwaro, sai a ji wani gurnani mai kama da minshari. Nan ake yaudaruwa. Sau da yawa nakan ji: "Ai mun ji yana minshari, sai muka ce a bar shi ya huta." Dattijo mai hawan jini da ya shanye cikin dare haka yake yi. Haka mai ciwon suga da ya sha magani bai ci abinci ba, da matashin da ya haɗa ƙwaya da maganin tari, da ɗan acaɓan da ya buga kai a hanyar Katsina, ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya je gida ya kwanta.

Gwajin ba wuya. Kira sunansa da ƙarfi, daddaɓa kafaɗarsa, matse gindin farcensa. Mai barci, komai gajiya, zai janye hannu ya yi tsaki. A asibiti ma abin da muke yi ke nan, sai dai muna ba shi maki: ma'aunin da likitoci biyu suka fitar a Gilasgo a 1974 yana duba buɗe ido da magana da motsi, daga 3 zuwa 15.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗura. Da damina, daga Yuli zuwa Oktoba, zazzaɓin cizon sauro kan hau kan yara, su yi jijjiga su sume. Sai a kawo yaro rigarsa sharkaf, bakinsa na warin nono ko man ja, ƙirjinsa na ƙara kamar ana tafasa ruwa. Ƙauna ce ta sa aka ɗura masa, na sani. Amma wanda ba ya haɗiya, abin da aka zuba masa huhu yake tafiya, kuma ba zai iya tari ya fitar ba. Sai mu koma yaƙi da cuta biyu. Nakan ce wa kakar yaro: "Iya, ki yi tofi, ki yi addu'a, ba mai hana ki. Rubutun dai a shafa masa, a ajiye sha sai ya farfaɗo." Cokali ma kada a cusa tsakanin haƙora, ba ya hana komai, haƙori kawai yake karyawa.

A kwantar da wanda ya suma a gefe ɗaya, a lanƙwasa gwiwar sama, a ɗan ɗaga haɓa, baki ya kalli ƙasa yadda amai zai zubo waje. A haka za a riƙe shi cikin mota ko Keke Napep har asibiti, kada a jingine shi a zaune kai na reto. Idan haɗari ne, a tallafe kai da wuya su tafi tare da jiki. Jijjigar da ta kai minti 5 ba ta jiran gari ya waye.

Akwai kuma sumar da ke shigowa ta cikin barcin kansa. Janareta a zaure ko a ɗakin haya na ɗalibai, da kaskon gawayi a ɗaki rufe lokacin hunturu, suna fitar da iskar da ba ta da wari ko launi. Tana kama jini ta hana shi ɗaukar iska mai kyau, ba ta kuma tayar da mai barci. Idan 'yan ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri, ɗaya ya ƙi tashi, a fitar da kowa waje tukuna.

In kun iso asibiti da wanda ya suma, ku gaya mana yaushe aka yi masa magana ta ƙarshe ya amsa, me ya ci, me ya sha. Ku zo da kwalin maganin, ko da wanda ake jin kunyar nunawa ne. Sugan jini a ɗan yatsa muke aunawa, ba ya cin minti ɗaya, kuma idan shi ne ya sauka, allura ta jijiya kan sa mutum ya buɗe ido kafin a gama cike katinsa.