Tsanani Da Sakaci Wajen Tarbiyyar Yara

Ya 'yan'uwa Musulmi, ku sani gidajenmu da yawa sun rabu gida biyu wajen tarbiyya. Akwai uban da in ya yi gyaran murya a zaure, sai yara su watse kamar shaho ya faɗo cikin kaji. Akwai kuma wanda da ya biya kuɗin makaranta shi ke nan, wai ya sauke nauyi. Tambaye shi aji nawa ɗansa yake, ko izu nawa ya kai, sai ya ce a tambayi uwarsa.

To, mu fara da mai tsanani, domin shi ne ya ɗauka gyara yake yi. Malam Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya ware fasali guda cikin littafinsa Muƙaddima a kan illar tsananta wa masu koyo, kuma bai ware uba daga malami ba. Abin da ya bayyana shi ne, yaron da aka rena da duka da tilas zuciyarsa kan mutu, kasala ta kama shi, ya koyi ƙarya da yaudara don gudun bulala. Watau a gabanka salihi, a bayanka wani mutum dabam. Ashe kai ka koya masa! A nan ne ya kawo wasiyyar Halifa Haruna Rashid ga malamin ɗansa Al-Amin: kada ya ƙuntata masa har basirarsa ta dushe, kada kuma ya sake masa har ya saba da zaman banza, ya fara da lallashi, in ya ƙi sannan a tsananta.

A Amurka ma, wata masaniya mai suna Diana Baumrind ta kasa iyaye kashi uku a 1966: masu tilas, masu sakin linzami, da masu kafa doka su bayyana dalilinta cikin tausayi. 'Ya'yan kashi na ukun ta samu sun fi natsuwa da dogaro da kai.

Mai sakaci kuwa maganinsa ba kuɗi ba ne. Bayan Magariba ka zauna, ka ce kawo allonka, kawo littafinka, karanta mini. Ko ba ka iya boko ba, ai ka iya ganin shafin da babu rubutu. Ka taka ka je wurin malaminsa tun ba a aiko maka ba. 'Ya mace ma haka, ba sai ta dawo daga talla a ƙidaya ciniki kaɗai ba.

Allah Ya shirya mana zuri'armu, amin.