Fitilar bayan lori mai kawowa tana ɗaukewa: a fara duba ardi

Sana'ata gyaran wutar mota ce a nan Hajj Yusuf da ke Khartoum, kuma akasarin abin da ke tsayawa a ƙofar shagona tsofaffin motoci ne: sifinja, Austin, Hino, da ƙananan Toyota masu jigilar kaya tsakanin Suk Sitta, Bahri da Suk Libya na Omdurman. Ƙorafin da kunnena ya fi sabawa da shi ɗaya ne: "Usta, fitilar baya tana wasa. Yau ta kawo, gobe ta ɗauke, in yaron mota ya buge ta da tafin hannu ta dawo." Kafin in buɗe baki direba ya riga ya ce a canza ƙwai. A mafi yawan motocin nan kuwa ƙwan lafiyarsa ƙalau.

Wuta tana fita daga batir, ta bi fis, ta bi makunni, ta bi waya mai tsawon motar har baya, ta shiga ƙwai. Daga nan dole ta koma batir, in ba ta koma ba fitila ba za ta kama ba. Masu ƙera mota ba su ja mata waya ta biyu ba, ƙarfen shasi suka bar mata ya zama hanyar komawa. Wannan haɗin da ƙarfe shi ne ardi, kuma a nan ciwon tsohuwar lori yake.

Ɗauki sifinja. Bedford TJ ce da aka fara ƙerawa a Ingila a 1958, amma wadda ke yawo a titunanmu yau hannun maƙeran Sudan ya fi yawa a jikinta. An ƙarfafa shasi domin ta ɗauki fiye da abin da aka yi ta dominsa, an ɗora sabon bodi, an yi walda a kan walda, an shafa fenti a kan fenti. Sau da yawa akwai katako tsakanin bodi da shasi. Fitilar kuma a jikin bodin aka ɗaure ta, wato duk wutar da za ta koma batir sai ta ratsa ta noti ɗaya ko biyu da tsatsa ta ci, ƙurar guguwar habub ta shige, ruwan damina ya jiƙa. Mota ta faɗa rami, notin ya motsa, wuta ta kawo. Ta faɗa wani, ta ɗauke. Marin da yaron mota ke yi mata girgiza tsatsar kawai yake yi.

Akwai alamar da ba ta ɓuya. Ƙwan baya na irin waɗannan motoci zare biyu ne a cikinsa: mai wat 5 na fitilar dare, mai wat 21 na birki. Idan ardi ya mutu, wutar birki takan rasa mafita, sai ta juya ta bi ta ƙaramin zaren. Shi ya sa za ka kunna fitilar dare tana ci, ka taka birki sai ta dushe ko ta mutu gaba ɗaya. Ko ka sa sigina, ka ga duk fitilun gefen suna ƙyaftawa tare a raunane. Duk wanda ya ga haka, ya ajiye kuɗin ƙwansa.

Gwajin bai fi ƙarfin kowa ba. Samo doguwar waya, ka ɗaura bakinta ɗaya a kan batir, ɓangaren da ke haɗe da shasi, ka taɓa ɗaya bakin a ƙarfen gidan ƙwai alhali fitila na kunne. In haske ya tashi nan take, ka kama ɓarawon. Mai mita zai auna tsakanin wuraren nan biyu: lafiyayyen ardi ba ya wuce bolt 0.2, in ka ga rabin bolt ko fiye, akwai aiki. A kula, wasu tsofaffin motocin Ingila ɓangaren jan batir suke haɗawa da shasi, don haka a duba da ido kafin a taɓa komai, musamman mai niyyar sa fitilar LED, wadda yawanci ba ta ci in an juya mata waya.

Gyaran da nake yi, kuma nake roƙon abokan sana'a su riƙa yi, shi ne ja wa kowace fitila wayar ardi tata. Daga gidan ƙwai kai tsaye zuwa shasi, ba bodi ba. A goge wurin da samfefa har farin ƙarfe ya fito, a sa wa wayar kai mai zobe, a ɗaure da noti da washa, sannan a rufe da giris domin ruwa. A leƙa gaba kuma a duba babbar wayar da ta haɗa batir da shasi, domin in ita ce ta sassauta, duk abin da aka yi a baya aikin banza ne.

Bayan ardi sai haɗe-haɗen waya. In na bi wayar baya ta tsohuwar lori nakan tarar da ƙulli bayan ƙulli, kowanne an murɗa da hannu an naɗe da salatif. Zafin Khartoum yana narkar da gam ɗin salatif, ƙura ta shiga, tagulla ta yi kore. Waya mai ƙulli da yawa ba ta da magani sai a cire ta a ja sabuwa, a saka ta cikin bututun roba, a ɗaure ta nesa da salansa da duk inda take gogar ƙarfe. Inda haɗi ya zama dole a like da dalma. Gidan ƙwai ma yakan gaji, ɗan ƙarfen da ke tokare ƙwan ya kwanta. A goge shi a ɗago shi, in ya ƙi a canza. Ƙwan kansa yana da ƙafafu biyu, ɗaya sama da ɗaya, domin ya shiga ta fuska guda. In an danna shi da ƙarfi a juye, fitilar dare za ta yi haske sosai, ta birki ta zama kamar babu. Haka ƙwan bolt 24 a motar bolt 12 ja kawai zai yi, na 12 a motar 24 kuma ya ƙone. In fitilar dare lafiya amma birki ba ya kawowa a gefe biyu, a duba makunnin birki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne fis. Ƙwayayen birki biyu a motar bolt 12 amfiya 3.5 suke ja. In fis yana yawan ƙonewa, waya ce ta fige a wani wuri tana taɓa ƙarfe. Direba ya gaji, sai ya naɗa tagulla ko takardar kwalin taba a gurbinsa. Daga ranar wayar ce za ta yi zafi maimakon fis, kuma tana bin ƙarƙashin bodin da ke ɗauke da gawayi, ciyawa ko buhunan gyaɗa. Don Allah a daina.

Maganar ta ƙara nauyi yanzu. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, motoci da yawa sun yi zaman dirshan a gidaje da garejoji har sojoji suka dawo yankinmu na Sharg an-Nil a farkon 2025. Wasu ɓeraye sun ci wayarsu, wasu an yanke ta an tafi da ita saboda tagulla. Mai mota ya dawo, hankalinsa na kan inji da taya da batir, fitilar baya a yi mata ɗaurin wucin gadi. Ga tituna babu haske. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a daƙiƙa ɗaya, kuma lori mai kaya a hanyar Madani ko ta Shendi ba ta gudu. Wanda ke bayanka cikin dare ko cikin habub ba ya ganin komai naka sai jajayen fitilun nan, kuma sau da yawa bas ce cike da mutane.

Kafin a tashi da magariba, yaron mota ya tsaya a baya. Direba ya kunna fitilar dare, ya taka birki tana kunne, ya sa sigina dama da hagu ƙafarsa na kan birkin. A gwada su tare, domin ɗaya-ɗaya mataccen ardi yakan ɓoye. A goge gilashin da tsumma, wanda ya fashe a canza shi da ja, a manna tef mai ƙyalli a ƙofar baya saboda ranar da mota za ta mutu a hanya. Wanda kuma ya kai motarsa wurin mai gyara, ya ce a nuna masa inda aka ɗaure wayar ardi kafin ya biya.